Sharhi kan hidimar jinya a wani sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kano: ma'aikata nagari, amma sun yi kaɗan

Wannan sharhi ne a kan hidimar da ma'aikatan jinya ke yi a sashen kwantar da masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibitin gwamnati a Kano, inda aka kwantar da ɗan yayata, saurayi da bai daɗe da gama sakandare ba, bayan ciwo ya tsananta masa har ya daina barci, ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Ni na yi zaman jinyarsa dare da rana, domin mahaifinsa ya rasu, kuma mata ba sa kwana a ɗakin maza. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, saboda abin da zan faɗa ba zargi ba ne ga wani mutum ɗaya. Hukuncina kuwa shi ne, duk wanda ɗan'uwansa ya kamu da irin wannan ciwo ya kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, zai tarar da ma'aikatan jinya masu sanin aiki da tsoron Allah, amma ya shirya tun daga gida cewa yawansu bai kai rabin abin da aikin yake buƙata ba, kuma wannan ƙaranci yana taɓa duk wata hidima da za a yi masa.

Karɓar majinyaci da yankar kati ba su da wani bambanci da na sauran asibitocin gwamnati. Akwai layi mai tsawo, akwai mutanen da suka taso tun asuba daga Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano, akwai kuma jiran likita. Ginin yana da tsabta daidai gwargwado, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa, magunguna kuma wasu ana samu a kantin asibitin, wasu sai an fita waje. A kan waɗannan ba ni da dogon bayani.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne yadda jinyar mai ciwon ƙwaƙwalwa ta bambanta da jinyar wanda aka yi wa tiyata ko mai zazzaɓi. A can, aikin nas shi ne allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo da gwajin jini, abubuwan da ido ke gani ana iya ƙirga su. A nan kuwa babban aikin shi ne lura da zama da magana. Nas ne zai gane cewa wanda jiya yake ta surutu yau ya yi shiru irin na mai shirya wa kansa wani mugun abu, shi ne zai tsaya har ya tabbata an haɗiye ƙwayar magani ba a ɓoye ta a ƙarƙashin harshe ba, shi ne zai rubuta wa likita cewa wane bai ci abinci ba, wane kuma ya kwana yana zagaye. Likita yana zuwa zagayen duba marasa lafiya ya tafi, kuma abin da zai yanke a kan magani ya dogara ne da abin da nas ya gani a sa'o'in da shi ba ya nan. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, saboda haka nauyin yau da kullum a wuyan ma'aikatan jinya yake. Idan aka rage yawansu, maganin kansa aka rage, domin lokacin da suke ba majinyaci wani ɓangare ne na maganin.

Na ga amfanin wannan lura da idona. Wata safiya, bayan an fara yi wa yaron magani, sai wuyansa ya karkace gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya fito yana zubar da yawu, ya kasa magana. Mahaifiyarsa da ta zo kawo abinci ta fashe da kuka, wata dattijuwa da ke kusa ta ce aljanu ne suka tashi, a fitar da shi a kai shi wajen ruƙiyya tun kafin su illata shi. Nas ɗin da ke bakin aiki, wata mace mai kimanin shekara hamsin da kowa ke kira Sista, ta ajiye tiren maganin da ke hannunta, ta dube shi, ta duba takardarsa, sannan ta ce wa mahaifiyar: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan aikin maganin ne, yakan sandarar da jijiyoyin wuya, musamman ga samari. Yanzu za a ba shi abin da zai sake shi." Ta kira likita a waya, aka ba shi wani magani, aka kuma rage masa na farko, kafin azahar wuyansa ya dawo daidai. Daga baya ta zaunar da ni ta yi mini bayani cewa magunguna irin su haloperidol sukan jawo haka, ta nuna mini alamomin da zan riƙa dubawa idan mun koma gida. Da babu wanda ya san wannan a wurin, da mun ɗauke shi mun bar asibitin a ranar, kuma na tabbata iyalai da yawa sun bar magani saboda irin wannan firgici.

To amma a daidai lokacin da take tsaye a kanmu, tiren maganin sauran majinyata yana ajiye, abokin aikinta kuma yana can ƙarshen ɗaki yana raba wasu samari biyu da suka kaure da faɗa. Su biyu ne a ɗakin da ke da mutum fiye da talatin.

Da dare abin ya fi tsanani, kuma a nan ne nake ganin hidimar ta fi gazawa. Sau da yawa nas ɗaya ne yake kwana, tare da ma'aikaci ɗaya mai taimaka masa, maigadi kuma yana can bakin ƙofar asibiti, nesa da inda za a ji ihun mutum. A wani dare da wuta ta ɗauke, janareto bai tashi da wuri ba, wani majinyaci ƙaƙƙarfa da aka kawo saboda shaye-shaye ya tashi yana dukan ƙofa yana cewa an zo kashe shi. Nas ɗin, saurayi ne siriri, ya haska fitilar wayarsa a ƙasa don kada hasken ya ƙara firgita shi, ya tsaya ɗan nesa da shi ba tare da ya tare masa hanya ba, yana maimaitawa a hankali: "Malam, ni ne, ka san muryata. Babu wanda zai taɓa ka ina nan. Zo mu zauna." Ya daɗe yana lallashinsa kafin mutumin ya zauna a bakin gado ya yarda aka yi masa allura. Wannan ƙwarewa ce da aka koya aka kuma goge a kanta, kuma na jinjina masa. Sai dai a tsawon wannan lokaci babu kowa a kan sauran majinyata sai mu masu jinya, waɗanda ba mu san abin da za mu yi ba idan wani ya tashi. Da safe na ga hannun rigarsa a yage, da shatin farce a damtsensa. Da na yi masa sannu, sai ya ce: "Kawu, wannan ai kullum ne." Bai tafi gida ba sai wajen sha ɗaya, saboda wanda zai karɓe shi ya makara, kuma babu wani na uku da za a kira.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda ma'aikaci ɗaya yake riƙe da ɗaki guda, dole allurar barci da kulle ƙofa su maye gurbin lallashi, domin ba kowane dare zai sami sararin tsayawa a kan mutum ɗaya ba. Na ga ranakun da aka ɗaure hannun majinyaci a jikin gado da ƙyalle na ɗan lokaci, kuma a fahimtata da akwai mutum biyu ko uku da za su zauna da shi da ba a kai ga haka ba. Wannan ya ci karo da manufar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai ciwon a matsayin wanda za a tsare kawai. Sabuwar dokar ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi, ta kuma taƙaita ɗauri da killacewa. Doka ce mai kyau, amma ma'aikacin jinya ne zai aiwatar da ita da ƙarfe biyun dare, kuma ba za ta aiwatu a hannun mutum ɗaya ba.

Dalilan ƙarancin ba ɓoyayyu ba ne. A farkon shekarar 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar a cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya suna ɗaukar su, kuma masu horo a fannin ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda ake nema. Shi wannan horo ƙari ne da nas yake yi bayan ya gama karatun jinya na shekara uku, a makarantu irin na asibitin Aro da ke Abeokuta ko na Barnawa da ke Kaduna, kuma tun asali ba kowa ke son zaɓar fannin ba, saboda mutanenmu suna kallon mai aiki a irin wannan wuri kamar shi ma yana da taɓi. Wata ma'aikaciya ta gaya mini cewa dangin mijinta har yau ba sa son ta faɗi sashen da take aiki a gaban baƙi. Ga kuma batun kuɗi: shekaru da yawa alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya na tarayya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin adaidaita sahu da na abinci. Ba mamaki da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta shiga yajin aikin gargaɗi a asibitocin tarayya a ƙarshen watan Yulin 2025, cikin buƙatunta akwai ƙarin alawus na aikin dare da ɗaukar sababbin ma'aikata.

A ɗaya gefen kuma majinyata ƙaruwa suke yi. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna amfani da ƙwaya, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mu a Kano ba sai an karanta mana alƙaluma ba, muna gani a unguwanninmu. Bayan samamen da aka kai wa gidajen mari a 2019, farawa daga Rigasa a Kaduna, iyaye da yawa sun fara juyowa asibiti da 'ya'yansu, wanda abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba a ƙara hannayen da za su karɓe su daidai da yawansu ba. Sakamakon haka, a ɗaki ɗaya za ka tarar da dattijo mai tsananin damuwa da ba ya son ko motsi, kusa da saurayin da ƙwaya take sakin jikinsa yana ihu, alhali kowannensu irin kulawar da yake buƙata daban ce.

Gurbin da ya rage mu masu jinya muke cikewa: wanka, ciyarwa, rakiya banɗaki, da gadin dare. Ba na ƙin wannan. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, tun a 1954, ya kafa tsarin ƙauyen Aro, inda majinyata ke zama da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da asibiti suna karɓar magani, a kan fahimtar cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya fi saurin warkewa idan danginsa suna tare da shi, kuma al'adarmu ma ba ta yarda a bar ɗan'uwa shi kaɗai a asibiti ba. Amma a tsarin Lambo dangi suna taimaka wa ƙwararru ne, ba su ne ke riƙe da aikin ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne majinyacin da ba shi da mai jinya, wanda aka kawo aka ajiye aka kashe waya. Irin waɗannan na ga ma'aikatan jinya suna saya musu koko da ƙosai da sabulu daga aljihunsu.

Ba zan ce kowa a cikinsu salihi ne ba. Akwai wanda yake amsa tambaya a gajarce, akwai wadda ta daka wa wata uwa tsawa a gaban mutane, kuma hakan bai dace ba ko da gajiya ce ta jawo. Bayanin ciwo ga iyali ma bai wadatar ba; abin da na koya, na koye shi ne don na nace da tambaya a lokutan da na ga sun ɗan sami sarari, galibi bayan la'asar idan an gama rabon magani.

Wasu gyare-gyaren ba sa jiran Abuja. Hukumar asibitin tana iya ajiye maigadi mai horo a ƙofar ɗakin kwanciya da dare, ta sa fitila mai amfani da hasken rana a ɗakin da barandarsa, ta haramta barin nas ɗaya ya kwana da ɗaki, ta kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta duk lokacin da aka doki ma'aikaci ko aka ji masa rauni, a duba lafiyarsa a ba shi hutu, maimakon a bar shi ya ɗauka cewa duka wani ɓangare ne na aikinsa. Ɗaukar sababbin ma'aikata da tura su ƙarin horo kuwa aikin gwamnati ne, kuma ya kamata wakilanmu a majalisa su riƙa tambayar yawan ma'aikatan jinya da ke kwana a kowane ɗaki, ba yawan gadajen da aka saya kawai ba.

Ɗan yayata ya sami sauƙi, an sallame shi, yana shan magani yana komawa ganin likita a ranakun da aka sa masa. Wanda zai kai nasa ya tanadi masu jinya biyu da za su riƙa karɓa-karɓa, domin mutum ɗaya ba zai jure rashin barcin ba. Ya tafi da fitila da takardun duk maganin da aka taɓa ba majinyacin, har da na gargajiya, ya faɗi gaskiya idan akwai shaye-shaye, kuma kafin ya bar asibitin ya roƙi nas ta rubuta masa sunan kowane magani da lokacin shansa da alamomin da idan ya gani zai dawo da shi ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.