Wata huɗu da likitar gashi a ɗakin Inna

Ranar da likitar gashi, wato mai motsa gaɓoɓin da suka shanye, ta fara zuwa gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Ringim, sai da na ji haushinta. Mun biya mata kuɗin mota daga Dutse, mun biya kuɗin aiki, ta duba Inna na ɗan lokaci, sai ta waiwayo ta ce, "Wa yake kwana da Hajiya?" Aka nuna matar Yaya. Ta ce ta wanko hannu ta zo. Daga nan har ta tashi, matar Yaya ce ke lanƙwasa ƙafar Inna tana miƙewa, ita kuwa tana gefe tana gyara mata riƙo. Na ce a raina, to, mu da kuɗi, mu da aiki?

Inna ta faɗi ne cikin hunturu, tana alwalar asuba. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Kwana 12 muka yi a asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma gaskiya ne ta daɗe da ajiye magani don ta ji sauƙi. Da za a sallame mu aka ce a riƙa kawo ta gashi sau biyu a mako. Faɗa da baki ba wuya. Sau biyu muka gwada, a ciccibe ta a sa a mota, ta dawo a galabaice. Wata nas ce ta ba mu lambar wannan baiwar Allah, wadda ke bin gidaje ranar Lahadi, ranar da ba ta aiki kuma motoci ke yawa a hanya saboda kasuwar Gujungu.

Da na yi wa likitar ƙorafin barin mana aiki, amsarta gajeriya ce: "Malam, awa 168 ne a mako. Ni awa ɗaya nake yi a gidan nan. Sauran na waye?"

Abin da ya fara sanyaya min jiki kafaɗa ce. Kullum da hannun da ya shanye muke jan Inna idan za mu tashe ta, tunda shi ne a kusa. Likitar ta kama yatsana ta ɗora a saman kafaɗar, sai na ji wani ɗan rami tsakanin ƙasusuwan. Ta ce naman wurin ya saki, nauyin hannun kaɗai yana jan ƙashin ƙasa, balle a ƙara da fizga, kuma ciwon da ke biyo baya shi ke sa mutum ya ƙi motsa hannun gaba ɗaya. Ta koya mana ɗaura zani a ƙugun Inna, a tokare gwiwarta da gwiwa, a ƙirga uku, a miƙe tare. Hannun kuma kullum a kan matashi, ba a barinsa yana reto. Juyi duk bayan awa biyu, a duba dunduniya da kwankwaso, in an ga fata ta yi duhu ko tana ƙyalli, gyambon kwanciya ne ke sallama.

Kalmar gashi ma ta so ta haɗa mu faɗa. Goggo ta ɗauka ruwan zafi ne da tsumma irin na mai jego, har ta riga ta fara, ga bororo a cinyar Inna da ba wanda ya lura, domin ɓarin ba ya jin zafi sosai. Likitar ta hana, amma cikin ladabi. Kuma abin da ya saye zuciyar Goggo shi ne ba ta taɓa kushe tofi da rubutu ba. Cewa ta yi, "Goggo, a ci gaba da addu'a, sai dai kada a ɗura mata komai tana kwance." Ashe tarin da Inna ke yi in ta sha ruwa ƙwarewa ce, kuma abin yana iya gangarawa huhu. Sai aka koma kunu mai kauri, a zaune daram, kuma ba ta kishingiɗa sai bayan rabin awa.

Ba ta sa mun sayi wata na'ura ba, ban da abin awon jini mai batir. Wake a faranti don tsinta, carbi, ludayi, gora biyu da Yaya ya kafa a tsakar gida don dafawa. Mafi wuya shi ne kame hannu. Kana kallon mahaifiyarka tana kokawa da ludayi, kunu na zuba a zani, hawaye na zuba, an ce kada ka karɓa. Sau da yawa na karya wannan doka, ba zan ɓoye ba.

Inda ta gaza kuwa, takardar atisayen da ta bar mana da Turanci take, mai jinyar kuma ajami da Hausar boko take karantawa. Sai da na zauna na juya ta. Bidiyon da take turowa ta WhatsApp sai na fita bakin titi kafin ya sauka. Sau biyu ba ta zo ba, ba ta kuma kira ba, Inna ta yi wanka ta zauna jira har la'asar. Amma babban laifin, wanda muke da kaso a ciki, shi ne mutum ɗaya ta koya wa komai. Matar Yaya tana da goyo, ga girki, ga juyin dare. A mako na shida bayanta ya riƙe, na same ta a madafa tana kuka a ɓoye. Wadda ta san wannan aiki ya kamata tun ranar farko ta tambayi wa zai karɓi mai jinya in ta gaji. Mu maza kuma mun fake da cewa jinyar uwa ta mata ce. Sai a lokacin aka raba: ƙanwata ta ɗauki dare uku, ni awon jini safe da yamma ina rubutawa a littafi, in ya yi ta wuce 140 bisa 90 in kira, da tattaki bayan la'asar.

Ba ta taɓa yi mana alkawarin warkewa ba. Ta dai ce watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar horo, kada mu yi wasa da su. Yanzu Inna tana zuwa bayan gida da sanda, ba mai riƙe ta. Yatsun dama har yau ba su gama buɗewa ba. Magana tana fita, sai dai takan kira ni da sunan Yaya.

Wanda zai ɗauko irin wannan likita gida, ya tara mutum uku ko huɗu ranar farko, har da namiji, ya kuma nemi a rubuta masa komai da Hausa kafin ta fita. Mu yanzu mun mayar da zuwanta sau ɗaya a wata. Lahadin da ta wuce ta tarar da Inna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa da hagu, dama na danne da kwanon.