Otezla: ƙwayar soriyasis mai sauƙin sha, da abin da ya kamata a auna kafin a fara ta

Duk wanda ya daɗe yana fama da soriyasis, ciwon fata mai sa kauri, farin ɓawo da ƙaiƙayi, ya san wahalar maganinta: man shafawa safe da dare, ko maganin methotrexate mai rage ƙarfin garkuwar jiki da gwajin jininsa a kai a kai, ko allura da ke buƙatar firiji. Otezla, wadda sunan sinadarinta apremilast, ta shigo ne da alkawarin sauƙi. Ƙwaya ce da ake haɗiya sau biyu a rana, da abinci ko ba abinci, kuma takardarta ba ta wajabta gwajin jini na yau da kullum ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014, da farko don ciwon gaɓoɓin da ke tafe da soriyasis, daga baya a shekarar don ita kanta fatar. Kamfanin Celgene ne ya ƙirƙiro ta, Amgen ya saye ta a 2019.

Tana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira PDE4. Idan aka toshe shi, saƙonnin kumburi irin su TNF da IL-17 na raguwa, kuma su ne ke sa fata ta riƙa sabunta kanta da gaggawa har ta yi kauri da farin ɓawo a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai.

Ba a fara ta da cikakken ƙarfi. Kwalin farko na zuwa da ƙwayoyi kala uku, na miligiram 10, 20 da 30, an jera su rana-rana. Rana ta farko 10 da safe kawai; ta biyu 10 safe, 10 yamma; ta uku 10 da 20; ta huɗu 20 da 20; ta biyar 20 da 30; daga ta shida a zauna a kan 30 sau biyu, da tazarar kusan awa goma sha biyu. An tsara kwalin da kyau, da wuya a rikice. Wannan hawa mataki-mataki don ciki aka yi shi, kuma mai gaggawar da ya tsallake shi zai sha fama da banɗaki. Ko an bi ƙa'ida, kusan kashi 17 cikin 100 sun yi zawo a gwaje-gwajen maganin, adadin masu tashin zuciya ma haka. Yawanci abin na zuwa a makonni biyu na farko, ya lafa cikin wata guda. Tsofaffi da masu shan maganin sa fitsari ko na hawan jini su ne ake tsoron ruwan jikinsu ya ƙare.

Ƙarfinta matsakaici ne, babu amfanin ɓoye hakan. A manyan gwaje-gwaje biyu da ake kira ESTEEM, bayan mako 16, kusan kashi 33 da kashi 29 cikin 100 ne suka samu raguwar kashi uku cikin huɗu na ciwon, alhali masu shan ƙwayar da babu magani a ciki ba su wuce kashi 5 zuwa 6 ba. Alluran zamani masu toshe IL-17 ko IL-23 na kai kusan kashi 80 ko fiye. Mai ciwon da ya rufe masa jiki kada ya sa rai da yawa. Inda take birgewa shi ne ƙaiƙayi, wanda kan ragu tun kafin ɓawon ya baje.

Sai babban batun. Takardar maganin na ɗauke da gargaɗi kan ciwon damuwa. A makonni 16 na gwajin, kashi 1.3 cikin 100 na masu shan ta sun ba da rahoton damuwa, a kan kashi 0.4 na masu shan ƙwayar da babu magani a ciki. Adadin ƙarami ne, amma a 2017 hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi na musamman kan tunanin kashe kai, bayan rahotannin da suka haɗa har da waɗanda ba su taɓa ciwon damuwa ba.

Abin da ke dagula lissafin shi ne, ita kanta soriyasis tana tafe da damuwa. Masu ita sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon damuwa da fargaba, kuma dalilan a bayyane suke. Ƙaiƙayi na hana barci. Mutum na karkaɗe farin ɓawo daga kafaɗar riga kafin ya shiga taro, yana sa dogon hannu a tsakiyar zafi, ya miƙa hannu a gaisa ya ga an ɗan ja baya, ko da yake ciwon ba ya yaɗuwa. Bayan wannan akwai kumburin kansa: ana samun TNF da IL-6 sun hau a jinin wasu masu ciwon damuwa, kuma an san waɗannan sinadarai na taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa barci, sha'awar abinci da walwala. Tashin hankali kuma na tayar da fata, fata ta sake tayar da hankali. To idan mai shan Otezla ya shiga ƙunci a wata na biyu, maganin ne ko ciwon? Ba mai iya cewa, sai in an auna tun kafin ƙwayar farko.

Nan ne sauƙin nata ke zama rauninta. Tunda ba a kiran mutum gwajin jini, yana iya yin watanni ba wanda ya dube shi. Mai methotrexate dole ya riƙa dawowa asibiti. Mai Otezla an ba shi kwali, an ce sai an jima.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin a fara, a cike PHQ-9, tambayoyi tara kan makonni biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. Maki 10 ko sama na nuna damuwar da ke buƙatar kulawa, kuma tambaya ta tara, wadda ke kan tunanin cutar da kai, ana duba ta ita kaɗai ko da jimillar ta yi ƙasa. A haɗa da DLQI, tambayoyi goma da aka ƙirƙiro a Cardiff a 1994 don auna yadda ciwon fata ke takura rayuwa. Maki ya haura 10 cikin 30 takura ce babba. A ɗora mutum a sikeli a rubuta nauyinsa. A maimaita duka ukun bayan wata guda da kuma mako na 16. Nauyin na da muhimmanci ta fuska biyu: kusan kashi 12 cikin 100 sun rasa kashi 5 zuwa 10 na nauyinsu a gwaji, kuma ramar da maganin ke jawowa na iya rufe ramar da damuwa ke jawowa. A kuma sanar da wani na kusa, mata ko miji ko ɗan'uwa, don su ne ke fara ganin mutum ya daina magana, ya ƙi fita, barcinsa ya lalace. Idan tunanin kashe kai ya zo, a dakatar da ƙwayar a nemi likita a ranar.

Akwai waɗanda ba ta dace da su ba. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine, phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone ta da sauri har ta zama kamar ba a sha ba. Mai ciwon ƙoda mai tsanani 30 sau ɗaya a rana zai sha. A Turai an hana ta ga mai juna biyu. Mai tarihin damuwa mai tsanani ko wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa, a ganina gara a fara duba masa haskawa da fitilar UVB ko wata allura, amma ban da brodalumab, wadda a Amurka gargaɗinta kan wannan batu ya fi na Otezla ƙarfi.

Ta fi dacewa da mai soriyasis matsakaiciya, wanda man shafawa ya gaza masa, methotrexate bai karɓe shi ba, kuma ba ya son allura. Idan an manta ƙwaya a sha da an tuna, sai in lokacin ta gaba ya kusa, kada a haɗa biyu. Ba a farfasa ta, ba a taunawa. Idan an kai mako 24 babu wani canji a fata ko gaɓoɓi, takardar Turai ta ce a sake duba ko akwai amfanin ci gaba da ita.