Gargaɗi ga 'yan dabon Maradi: mai sayar da rigar ɗauri ya cinye mana sefa 85,000

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a guraf-guraf ɗin WhatsApp na 'yan wasa yana tallar rigar ɗauri, irin wadda a da ake ɗaure masu taɓin hankali da ita, wadda 'yan rufa-ido ke kuɓucewa daga cikinta a dandali. Ɓarawo ne. Sefa 85,000 ƙungiyarmu ta tura masa, jika tamanin da biyar na gumin yara.

Kada wani ya ce ba a bincika ba. An tambaye shi maɗaurai nawa ne a baya, ya faɗa. An tambaye shi na tsakanin ƙafafu, ya ce akwai, na fata. Ya turo bidiyon riga ta gaske, ta tamfol mai kauri, hannayenta dogaye a ɗinke a baki, kan bel duk na ƙarfe. Ya ce: "Malam, amana ce tsakanina da kai, in ta zo ba haka ba kuɗinku na nan." Amana fa ya ce. Har yanzu muryar tana cikin wayata. Wanda ya amsa tambayoyin sana'a daidai, ta yaya za ka ɗauke shi maƙaryaci?

Abin da aka ɗauko a tasha yadin labule ne da tela ya harhaɗa, kan bel na roba, hannaye gajeru. Kafin nan ma ya karɓi 25,000 wai kuɗin kwastan, bayan 60,000 na farko, duk cikin 85,000 ɗin. Lambarsa ta mutu tun kafin kayan su iso.

Ga dalilin da ya sa wannan riga ba ta da amfani. Kuɓuta ana fara ta ne lokacin da ake ɗaure ka. Ka cika ƙirji da iska, ka buɗe kafaɗu, ka ɗan ware gwiwoyin hannu, ka damƙe ninkin yadi a ƙarƙashin hammata ba tare da an lura ba, hannunka mai ƙarfi kuma ya hau bisa ɗayan. Da an gama ɗauri sai ka fitar da iskar, ka tsuke kafaɗu, ka saki ninkin. Wannan 'yar rarar ita ce jarinka duka. Da ita za ka tura gwiwar hannun sama zuwa kafaɗa har hannun ya ƙetare kai. Hannaye sun dawo gaba, sai ka kwance maɗaurinsu da haƙora, ka laluɓo na baya da na tsakanin ƙafafu ta cikin yadin, ka tuɓe ta ta kai. Duk wannan yana buƙatar tamfol mai tauri da ke riƙe ninki, da hannaye masu tsawo. Yadi mai laushi yana nannaɗewa a jiki ya shaƙe wuya, bel ɗin roba kuma ko ya karye ko ya cije.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne saƙon da ya haɗo, wai sirrin shi ne ka gusar da kafaɗarka daga gurbinta kamar Houdini. Wannan tatsuniya ce da ake yawo da ita, aikin baya buƙatar haka. Houdini, wanda ya rasu a 1926, ya yi suna da kuɓuta yana rataye kai ƙasa a titunan Amurka, kuma ratayewar ma tana sauƙaƙa ƙetare kai da hannu. In yaro ya bi maganar wannan mai tallar, kafaɗa ta goce sau ɗaya, ta dinga gocewa ke nan. Mutumin ya ci 85,000, kuma yana neman nakasa 'ya'yan mutane.

Zan saka rasit ɗin turawa biyu, hotunan hirarmu da muryarsa inda yake cewa amana, da hoton tsumman da ya aiko, da zarar na rufe lambobin yaranmu.

Kada ku tura ko dala kafin ku taɓa riga da hannunku. Kada a gwada kuɓuta ba mutum a kusa riƙe da almakashi, kuma ba rataya ga mai koyo. Duk wanda shi ma ya cuta, daga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maradi ko ko'ina, ya yi min magana mu haɗa ƙara.