Akwatin farin haske ko hular jan haske: wanne za a saya wa Baba?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tsakanin akwatin farin haske da hular jan haske da kika tambaya, don barcinsa da ya rikice da mantuwar da ta fara, ki ɗauki akwatin. Sai dai lokacin da za a kunna shi ya fi akwatin kansa muhimmanci.

Akwatin, wato fitila mai ƙarfi da ake zama a gabanta, ta ido yake aiki. A can bayan ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu auna hasken gari ne, kuma sun fi jin hasken da ya karkata ga shuɗi, wajen nanomita 480 a ma'aunin da ke bambanta launukan haske. Su ke kai saƙo ga wani ɗan gurbi a ƙasan ƙwaƙwalwa, wato agogon jiki, shi kuma ya sa a tsayar da sinadarin melatonin mai kawo barci da safe, a sake shi da dare. Tsufa yana rage wannan saƙo. Ƙofar da haske ke shiga ido tana ƙanƙancewa, gilashin cikin idon yana komawa rawaya yana tare shuɗin, ga shi tsoho a ɗaki yake wuni. Ɗaki mai ƙwan lantarki bai cika wuce luks (ma'aunin ƙarfin haske) 100 zuwa 300 ba, alhali rana tsaka a waje tana iya kai 100,000. Agogon da ba ya samun bambancin dare da rana dole ya kauce, shi ya sa kike ganin gyangyaɗi da rana, yawo da dare.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hanyar gaskiya ce. A Jami'ar Liège ta Beljiyam an sa masu lafiya cikin na'urar MRI, aka ga shuɗin haske yana ƙara motsi a sassan da ke riƙe da farkawa da mai da hankali. A 2018 kuma, a Amurka, hoton PET na mutum 20 masu lafiya ya nuna hana barci na dare ɗaya tak ya ƙara furotin amiloyid da kusan kashi 5 cikin ɗari a wasu sassan ƙwaƙwalwa, furotin da ke taruwa a cutar mantuwa ta Alzheimer. Shi ya sa ba na ɗaukar gyaran barcin mai mantuwa a matsayin ƙaramin abu.

Binciken da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Holan, wanda aka buga a 2008. Tsofaffi 189 ne a gidajen kulawa 12. A wasu gidajen aka ɗaga hasken falo zuwa wajen luks 1,000 duk wuni, a sauran aka bar shi wajen 300. Masu zama cikin haske sun samu raguwar alamun damuwa, lalacewar tunaninsu ma ta ɗan yi sauƙi, ɗan kaɗan. Waɗanda aka ba melatonin ba tare da hasken ba, barci ya ƙaru amma walwala ta ragu. Ki riƙe wannan kuma: bitar 2014 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta ce hujjojin ba su kai a yanke hukunci ba. Haske ba ya warkar da mantuwa. Abin da za ki sa rai shi ne dare ya koma dare.

Ki nemi akwati mai luks 10,000, farin haske, mai tace hasken UV da ke cutar da ido da fata, mai faɗin fuska. Ki karanta a wace tazara yake ba da wannan adadi, yawanci santimita 30 zuwa 40 ne, domin da an matsa baya ƙarfin ya faɗi warwas. A ajiye shi gefe kaɗan, sama da saitin ido, Baba ya buɗe ido yana karin kumallo ko hira, ba sai ya ƙura masa ido ba. A fara da minti 10 zuwa 15, a kai 30 cikin mako.

Yanzu batun lokaci, inda aka fi yin kuskure. Kafin a kunna komai, ki yi mako guda kina rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya farka, sau nawa ya yi barcin rana. Idan ba ya samun barci sai ƙarfe 1 ko 2 na dare, ya kuma makara, a ba shi hasken cikin awa guda da tashinsa. Idan kuwa tun ƙarfe 7 na yamma barci ke kwashe shi, ya farka ƙarfe 3 na dare, hasken safe ƙara dagula shi zai yi, domin yana jawo agogon ne ya ƙara sammako. Irin wannan hasken yamma yake buƙata, tsakanin 7 da 9. A ba shi mako 2 zuwa 4 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. In an ga ciwon kai, tashin zuciya ko ƙarin fushi, a rage minti ko a ƙara tazara. Da dare kuma a rage fitilu, a bar ƙaramar fitila mai ɗumin launi a hanyar banɗaki saboda faɗuwa.

Ita hula, hasken da ke dab da ja take harbawa, wajen nanomita 810, da nufin ya ratsa ƙoƙon kai ya ƙarfafa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kaɗan ne ke ratsa gashi da fata da ƙashi. An ga ƙarin gudanar jini a hoton MRI a wani gwaji na 2019, amma mutum 8 ne kacal a ciki. Ga tsada, ga mai ruɗewa ba ya son a ɗaura masa abu a ka. Ki bar ta.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar da ke jera hoton ƙwaƙwalwa biyu, "kafin" da "bayan", ɗaya dishi-dishi ɗaya jawur. Launukan nan kwamfuta ce ke shafa su a kan lissafi, kuma ƙarin jini a hoto ba ya nufin Baba zai tuna sunan jikansa. Ki tambaye su mutum nawa aka gwada, kuma ko an kwatanta da na'urar bogi. Haka masu sayar da fitila mai ƙyaftawa sau 40 a daƙiƙa suna jingina da binciken jami'ar MIT ta Amurka na 2016. A ɓeraye aka yi shi, wasu masu bincike a 2023 ba su samu irin sakamakon ba, kuma haske mai ƙyaftawa na iya tayar da farfaɗiya ga mai ita. A akwatin ma akwai zamba: ɗan mitsitsin allo da aka rubuta wa 10,000 amma sai an manna fuska a jikinsa. Wanda bai rubuta tazara ba, kada ki saya.

Kafin ki biya kuɗi, likitan ido ya duba shi. In yanar ido ce ta rufe, hasken ba zai isa inda ake so ba, in kuma suga ya taɓa bayan idon, sai da izinin likita. Ki kai wa likitansa duk magungunan da yake sha, domin wasu irin su doxycycline da amiodarone suna sa jiki ya kasa jure haske, wasu magungunan mura masu sa barci kuma suna ƙara ruɗewa. Ki nemi a auna bitamin B12 da aikin thyroid (wata halitta a gaban wuya), ki kuma gaya masa in Baba na minshari numfashi na yankewa, domin wannan ba akwati ne zai gyara shi ba. Idan rubutun barcin da kika yi na mako guda ya nuna hasken safe yake buƙata kuma yana iya fita, zaman minti 30 a inuwa mai haske a waje kullum da hantsi zai iya isar muku ba tare da sayen komai ba.