Sharhi: Mai hoton da ta bar mini tsagata

Ɗakin hoton yana unguwar Bukoki a Yamai, kuma mai shi mace ce da ta ƙware a hoton mutum shi kaɗai, ba na biki ko na katin ɗan ƙasa ba. Abin da ya kai ni wurinta shi ne na gaji da yadda masu hoto ke shafe tsagar gadon da ke kumatuna a kwamfuta, su ƙara wa fatata haske ba tare da na roƙa ba, har mahaifiyata a Tawa ta taɓa riƙe hotona tana tambayar ko 'yar gidan wa ce.

Ba ta yi gaggawar ɗaukar kyamara ba. Sai da na sha ruwa na huta, sannan ta ce, "Hajiya, idan babu baƙo a gida, yaya kike zama?" Da na ce a tabarma nake miƙe ƙafafu, ta janye kujerar ta shimfiɗa tabarma kusa da taga. Ba ta kunna fitilar nan mai walƙiya ba, domin a cewarta hasken da ke bugun fuska kai tsaye yana baje kamanni, alhali na gefe yana fito da tsaga da zanen lalle da ainihin launin baƙar fata. Ba ta ce in tsuke ciki ko in ɓoye hannuwana da aiki ya kausasa ba, kuma duk hoton da ta ɗauka sai ta nuna mini kafin ta ci gaba.

Sakin jikin da na gani a hotunan ya tuna mini da samarin Yamai da mai hoto Philippe Koudjina ya ɗauka a shekarun 1960 da 1970, waɗanda ba su tsaya ƙiƙam gaban kyamara ba. Ƙibar da na yi bayan haihuwa tana nan a hoton, amma ban ji kunyarta ba.

Sai dai jaka 15 na CFA a kan hotuna 3 ba kuɗin kowa ba ne, ko da yake takardar mai kauri ce marar ƙyalli. Ɗakin yana da zafi, saboda takan kashe fanka don kada iska ta riƙa kaɗa mayafi, kuma wankin hotunan ya wuce ranar alkawari. Wadda za ta je gara ta zaɓi safiya, ta kuma tafi da tufafin da ta saba sawa a gida.