Yadda allura ta tsinka ni a gaban mutane a Jidda

Salamu alaikum mutanen gida. Tun ranar da na ɗora hoton siket ɗin da na ɗinka wa autata a sitatus ban huta ba, wannan tace wane keke kika saya, waccan tace nawa ne a can, wata ma cewa tayi in auno mata ɗaya ta kargo za ta biya a hankali. To ku tsaya in baku labarin tukuna, don keken nan sai da ya ja min kunyar da har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo min.

Abin da ya kai ni ga ɗinki zaman banza ne da tsadar tela. Maigida yana fita tun da sassafe sai bayan isha, yara na makaranta, ni da AC muna kallon juna. Telolin nan ƴan Pakistan da Indiya da Bangaladash gwanaye ne a jallabiyar maza da abaya, wannan ba musu, amma ki kai musu atamfa kice riga da zani da ɗankwali ki ga ikon Allah. Namu kuma da suka san hannun abin, tun da aka rushe unguwannin Sabil da Karantina da su Gulel daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 duk sun watse, kowa ta kama gabanta, sai kin sha tambaya kafin ki samu lambar wata. Wadda na samu riyal 120 tace min riga da siket, kuma sai bayan sati uku. Na daina juya riyal zuwa naira saboda lafiyata, amma ranar sai da na juya.

Kuskurena na farko ɗan mitsitsin keken nan ne da ake talla a waya, wanda bai fi girman burodi ba, har da batir yake aiki. Riyal sittin da wani abu, kwana biyu aka kawo min har ƙofa ina ta murna. Ko ɗinkin komawa baya baya yi balle ki ɗaure ɗinki, atamfa ninki biyu kawai na sa masa ya fara nishi kamar tsohuwar akuya. Kar wadda ta saya don Allah, ko kyauta aka baki ki ba yara su yi wa ƴar tsana kaya.

Daga nan muka leƙa Harajin Sawarik da ke kudancin gari, kasuwar ƴan gwanjo ce da in kika shiga sai ƙafarki ta gaya miki. Na ga tsofaffin Singer, na ga baƙin Butterfly irin na Innarmu sak, har da zanen ruwan gwal ɗin nan a jiki, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Amma ba inda za a jona a gwada, mai kayan ma bai san yadda ake sa zare ba, maigida yace shi ba zai sayi rigima da kuɗinsa ba.

Sai wata Asabar bayan la'asar muka shiga Balad, wato tsohon gari, wajen Bab Sharif inda ƴan yadi suke, muka samu wani shagon kekuna na wani dattijo. Ni idona tuni ya faɗa kan wani mai allon kwamfuta da ɗinki kala-kala kusan ɗari. Da ɗan guntun larabcina nace wannan nake so. Ya tambaye ni na taɓa ɗinki? Nace yanzu zan fara. Sai ya girgiza kai ya janye ni daga wajen mai tsadar, ya kai ni gaban wani fari mara hayaniya da bai kai rabin kuɗin wancan ba. Yace mai koyo abu huɗu take buƙata, miƙaƙƙen ɗinki, zigzag, komawa baya, da ramin maɓalli, sauran duk ado ne. Yace in ɗaga shi in ji, na ɗaga naji nauyi, yace to ƙashin cikinsa ƙarfe ne duk da bayansa roba ce, wanda kika ɗaga da yatsa biyu ki ajiye musu kayansu. Ni fa tsayawa nayi ina kallonsa ina neman inda cutar take, don a saninmu mai shago baya hana ki sayen mai tsada sai dai in akwai wata a ƙasa.

Riyal 520 yace, har da harajin nan na kashi 15 da suke ɗorawa tun 2020. Na gyara tsayuwa zan yi ciniki irin na Kwari, na taya 300, ya yi murmushi ya rage ashirin yace akhir kalam. Ya ciro fatura, wato rasit, mai ɗan tambarin nan da ake haskawa da waya, yace in ɗauke ta hoto yanzu a gabansa don rubutun irin wannan takardar gogewa yake, kuma kayan lantarki a ƙasar nan garantin shekara biyu ne a doka. Ya ƙara da cewa in duba soket ɗin gidanmu, tsofaffin gidajen Jidda wasu har yanzu akwai layin 110 da na 220 a haɗe, keken na 220 ne.

Kwana goma ina jin daɗina, na yi kalmasar labule, na yi rigar filo har huɗu da ba wanda ya tambaye ni. Rannan na bi ta kan fil allura ta karye. Akwai wani ɗan shagon kayan teloli a bayan layinmu, na je nace wa yaron ibra makina, wato allurar keke, ya miƙo min fakiti mai guda goma riyal biyar, na ga an rubuta 14 a jiki irin lambar tawa, na haɗa da zare dozin mai arha na dawo ina yabon kaina na iya sayayya.

Tun da na ɗaura allurar nan keke ya birkice. Ya yi ɗinki uku ya tsallake biyar, zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar ɓera, ga wata ƙara ƙas ƙas ƙas, kafin magariba na karya allura uku. Nace shi kenan, dama na faɗa, tsohon nan lallaɓa ni yayi ya liƙa min ruɓaɓɓen kaya shi ya sa ya hana ni mai kyau. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina haɗa maganganun da zan gaya masa. Kun san mu an riga an horar da mu. Na tuna bilendar da na saya ana saura wata biyu bikina, a shago aka tada janareta aka gwada ta yi kuka, na kai gida ko tari bata yi ba, na mayar washegari yaron shagon ya kalle ni ido cikin ido yace Hajiya ai a gabanki aka gwada, kaya in ya fita ya fita. Rasit ɗin ma da na nuna cewa yayi ba rubutunsu bane. Tun daga ranar na san mayar da kaya yaƙi ne, wanda ya fi baki shi ke ci.

Don haka na shirya. Na ajiye lambar ƙorafi ta ma'aikatar kasuwanci a waya, 1900, na sauke manhajarsu ta Balagh Tijari, na roƙi maƙwabciyata Anti, Bahaushiya ce haifaffiyar nan da larabci kamar ruwa, ta raka ni ta yi min tafinta don kar faɗan ya lalace a bakina. Muka ɗauko keke a kwalinsa muka sa a mota.

Na shiga shagon nan da sallama ciki-ciki, na dire kwali a kan kanta, ga mata kusan biyar suna zaɓen kaya, na fara da Hausa ina cewa Anti gaya masa kaza, gaya masa mu ba baƙin jiya bane, gaya masa zan kira hukuma. Dattijon nan ko gezau. Fatura kawai yace. Na nuna hoton a waya. Ya buɗe kwali ya ɗora keken a tebur, ko jona shi bai yi ba, ya sa ɗan sukudireba ya kwance allurar, ya ɗaga ta sama ya kalla ta saman tabarau. Sai ya kwantar da ita a kan gilashin kanta ya ɗan tura da yatsa. Ta gangara gurrr har bakin gilashi. Ya buɗe durowa ya ɗauko tasa ya kwantar ya tura, ta ƙi motsi. Ya juyo min da gindinta, ashe gefe ɗaya a shafe yake kamar an goge da magagari, tawa kuwa zagayayya ce ko'ina.

Anti ta juyo murya ƙasa-ƙasa tace ƙanwata, cewa yayi wannan allurar babban keken teloli ce, indastiriyal, ba ta keken gida bace, wa ya baki? Wata Balarabiya a gefe ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ni da na shigo da wuta, ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige, wayar da na riƙe da 1900 a kan allo na zura ta jaka a hankali.

Abin da ya fi kashe min jiki abin da ya biyo baya ne. Ya buɗe ƙasan keken ya nuna min inda allurar ta dinga dukan ƙarfen da ke ɗauko zare daga ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, har ta karce shi, yace gaskiya wannan garanti baya ɗauka tunda ba laifin keke bane. Na sa hannu a jaka ina jiran a yanka min kuɗi. Ya zauna ya goge wajen da wata ƴar takarda mai laushi, ya daidaita, ya ɗiga mai, ya ɗauko ƙyalle ya ja layi miƙaƙƙe tas, ya juya bayan ya nuna min shi ma tas. Minti ashirin. Nace kam, wato nawa ne? Ya ɗaga hannu yace khalas ya Hajja, kowa da haka ya fara.

Bai bar ni na tafi ba sai da ya yi min karatu, Anti na fassarawa ina rubutawa a bayan kwali. Allurar keken gida a jikin fakitin za ki ga 130/705H ko HAx1, in kika ga DBx1 ta teloli ce, kuma shafaffen gefen baya yake kallo in za ki ɗaura. Lamba 11 ta yadi mara nauyi ce irin shifon da na abaya, 14 ta atamfa, 16 ta shadda mai kauri da jins, yadin roba mai talewa irin na hijabi kuma akwai tasa mai dakusasshen baki. Ya ɗauki zaren dozin ɗina ya ja da yatsu biyu ya tsinke ɓat, ya ɗaga shi a haske duk gashi-gashi, yace wannan ƙura yake tarawa a cikin keke, gara guda uku masu kyau, fari da baƙi da ruwan toka. Ƙwarƙwaro, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a kai, ba kowanne ke shiga kowane keke ba, ki tafi da naki a jaka ki gwada. Almakashin yadi kar ya taɓa takarda. Da ya zo kan mai yace man keke kawai, sai ni da Anti muka haɗa ido muka kwashe da dariya, don mun san gidajen da man gyaɗa ake ɗurawa har keke ya daskare a ce aljanu ne.

A mota ina ta tunani, da a gida ne aka kama ni da laifi dumu-dumu haka, ai ranar mai gyara ya samu na cefane, zai ce ƙoshiya ta tafi gaba ɗaya sai an sake, ya cire taki mai kyau ya sa miki tsohuwa. Mu ƴan uwa ne masu salla ɗaya amma amana a ciniki sai a hankali, kuma mu masu saye ma da namu, wa ke ajiye rasit a cikinmu? A can gida ƙosai muke ƙunshewa da shi.

Amma kar ku ɗauka nan aljanna ce. Da a ce gyaran na kamfani ne sai an karɓe keken an baki takarda ki koma ki zauna jiran saƙo, babu mai gyaran nan namu da ke yawo da jaka a bayan keke yana shiga gida-gida ya gyara miki a tsakar gida kuna hira. Babu telan ƙofar gida da za ki aika yaro da yadi kice don Allah a yanka min, daga ni sai YouTube. Da rana tsaka yawancin shagunan Balad a rufe suke sai bayan la'asar. Yadi da mita ake aunawa, yadinmu kuma santimita 91 ne da ɗoriya, turmin atamfa mai yadi shida bai wuce mita biyar da rabi ba, sai da na yi asara sau biyu kafin lissafin ya zauna min. Shi kansa farin keken, in na haɗa masa shadda ninki huɗu sai na taimaka masa da hannu, alhali baƙin Butterfly ɗin Innarmu ya girme ni kuma har yau ko buhu kika sa masa zai wuce, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Shi ya sa masu cewa in turo ta kargo nace ku yi haƙuri. Kuɗin awo kaɗai ya isa ya ɓata lissafin, garantin ba zai bi ki Kano ba, ga wutar da kuka fi ni sanin halinta. Ki nemi baƙin keke mai ƙafa, ki tafi da tela wanda kika yarda da shi ya gwada a gabanki, in hali ya samu daga baya a ɗaura masa motar lantarki.

Sauran allura bakwai ɗin na kai wa telan Pakistan da ke ƙasan beninmu, ya karɓa yana ta godiya. Anti kuma ta laƙaba min Hajiya mai allura, har yaranta sun ɗauka. Yanzu zif nake fama da shi, na farke na rigar nan sau huɗu tun jiya. Duk mai zuwa Umra a cikinku ta taho min da atamfa turmi biyu mai duhu, wadda ko ɗinkin ya karkace ba za a gani ba.