Zagaya duniya: tikitin ƙawance guda ɗaya, ko saye zango-zango?

Ɗan'uwa, ka ce kana da wata shida da ɗan abin da ka tara, kana son ka zagaya duniya ka dawo inda ka taso. Garuruwan da ke ranka su ne Landan, Singafo, Sidni, Los Anjalis da Niyok, kuma a tsakiya kana son ka yi kamar wata biyu kana yawo a Kudu maso Gabashin Asiya, duk inda ƙafa ta kai ka. Tambayarka ita ce: ka sayi tikitin zagaya duniya guda ɗaya, irin wanda ƙawancen kamfanonin jirage ke sayarwa, ko ka riƙa sayen tikiti ɗaya bayan ɗaya a hanya?

Mu fara da abin da ake sayar maka a tikitin ƙawance, don mutane da yawa suna jin sunan sai su ɗauka lasisi ne na hawa duk jirgin da suka ga dama. Ba haka ba ne. Ƙawance biyu ne suka fi suna a wannan harka: Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, akwai Lufthansa, United, Singapore Airlines, Turkish Airlines da Ethiopian a ciki, sai oneworld na 1999, mai British Airways, Qantas, American Airlines, Cathay Pacific da Qatar Airways. Wanda ka zaɓa, jiragensa kaɗai za ka hau. Emirates ba ya cikin kowane ƙawance, haka ma kamfanonin araha irin su AirAsia da Ryanair, saboda haka ka cire su daga lissafin wannan tikiti.

Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne. Ka tashi daga ƙasa ɗaya ka dawo cikinta. Ka fuskanci gabas ko yamma ka ɗore a kai, ka tsallaka Tekun Atlantika sau ɗaya, Tekun Fasifik sau ɗaya. A cikin nahiya guda kana iya ɗan komawa baya, amma tsakanin manyan yankuna babu waiwaye. Ka gama cikin wata 12. Sannan hawa 16 ne iyaka, kuma duk jirgin da ka canja a hanya hawa ne, ko da ba ka fita daga filin jirgin ba. Wannan 16 ɗin ba son rai ba ne: tikitin lantarki ɗaya gurbin hawa huɗu yake ɗauka, kuma tikiti huɗu kaɗai ake iya haɗawa wuri ɗaya. Tun da aka yi sallama da tikitin takarda a 2008 lissafin ya tsaya a nan.

Inda suka rabu shi ne yadda suke auna kuɗi. Star Alliance da mil yake awo, matakansa 29,000, 34,000 da 39,000. Shi kuwa oneworld Explorer nahiyoyi yake ƙirgawa, daga 3 zuwa 6, bai damu da nisan da ka ci ba. Yana ba ka hawa 4 a cikin kowace nahiya, 6 a Arewacin Amurka. Garuruwanka biyar, in aka ɗaura su da'ira daga Landan zuwa Landan, kimanin mil 24,000 ne: Landan zuwa Singafo wajen 6,760, zuwa Sidni 3,900, zuwa Los Anjalis 7,490, zuwa Niyok 2,470, komawa Landan 3,450. Ka ga bai ma kai kewayen duniya ta tsakiyarta ba, wanda yake mil 24,901. Sai ka ƙara nisan inda za ka taso zuwa da dawowa, a nan ne za ka san matakin da ka faɗa. A ma'aunin oneworld kuwa nahiya huɗu ce, in kuma daga wata nahiyar daban za ka taso ta zama biyar, don duk nahiyar da ƙafarka ta taɓa sai an ƙirga ta.

Saye zango-zango ba ya buƙatar dogon bayani. Ba sharaɗin gabas ko yamma, ba wa'adin shekara, ba ƙawance. Ka buɗe shafin kwatanta farashin tikiti kamar Google Flights ko Skyscanner, ka ga mai sauƙi, ka saya. Shi ke nan.

To, yanzu mu jera su a kan abin da zai taɓa ka a hanya.

Maganar canjin rana. Nan tikitin ƙawance ya yi wa ɗayan fintinkau, kuma a tafiyar wata shida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Galibi in garuruwan ba su canja ba, rana kawai kake son matsarwa, ba a cajin ka kuɗin canji. Sidni ta yi maka daɗi, ka ƙara mako biyu. Sai dai akwai ƙaya a ciki. Kowane jirgi yana raba kujerunsa aji-aji da haruffa, kuma tikitinka a harafi ɗaya yake zaune. A oneworld Explorer, L ne na kujerun gama-gari, D na kujerun alfarma. Jirgi na iya samun kujeru hamsin babu kowa, a ce maka babu wuri, don na harafinka sun ƙare. A lokacin cunkoso, kamar ƙarshen Disamba a hanyar Ostareliya, ka iya jiran kwanaki. Duk da haka ya fi tikitin araha, wanda sau da yawa kuɗin canja shi yakan kusa kai na sabo, wani ma ba ya canzuwa sam.

Maganar canjin hanya kuwa, a nan reshe ke juyewa da mujiya. A tikitin ƙawance dole ka rubuta dukkan garuruwanka tun kafin ka bar gida. In daga baya ka ce ka fasa Sidni, Tokiyo kake so, za a sake lissafa tikitin, ka biya kuɗin canji da bambancin haraji, wani lokaci ma ka tsallaka zuwa mataki na gaba. Mai saye zango-zango bai san wannan ciwon kai ba, abin da bai saya ba ai ba ya ɗaure shi. Kai da ka ce kana son wata biyu ba tsari, wannan ya shafe ka kai tsaye. Amma akwai dabara: ana yarda ka sauka a wani gari ka tashi daga wani. Ka sauka Singafo, ka bi ta Malesiya da Tailan a jirgin ƙasa ko jiragen araha da kuɗin aljihunka, ka ci gaba da babban tikitin daga Bankok. Wannan giɓin ana lissafa shi a matsayin hawa ɗaya cikin 16, a Star Alliance ma har milinsa ake ƙirga maka ko da a ƙafa ka taka. Kai da ke da garuruwa biyar kacal, gurabe sun yi maka yawa, ba asara.

Sai abin da mutane ba sa tunawa har sai ya same su: ranar da jirgi ya makara. In hawa biyu suna kan tikiti ɗaya, na farko ya yi latti ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani jirgin. In tikiti biyu ne daban, kamfani na biyu bai san da zamanka ba. Ba ka zo ba kawai, kuɗinka sun bi ruwa. Ni ma na taɓa ɗanɗana wannan. Na haɗa tikiti biyu da tazarar awa uku ina ganin na yi wayo, jirgin farko ya tashi a makare, ga jiran kaya, ga layin shige da fice, ina isa kantar rajistar fasinja an rufe. Abin da na biya na sabon tikiti a wannan daren ya cinye duk rarar da na yi ta murna da ita. Tun daga ranar, in tikiti daban-daban ne, kwana nake sawa a tsakani. Amma kar ka ɗauka tikitin ƙawance ba shi da nasa tarkon: in ka ƙi hawa zango ɗaya ba ka sanar ba, ana iya soke duk sauran da ke gaba. Mutum ya ga jirgin araha ya ce bari ya tsallake zango guda, ya wayi gari ba shi da hanyar komawa gida.

Kuɗi fa? Ba amsa ɗaya, amma akwai inda ma'auni ya saba rinjaya. Tikitin ƙawance ya fi biya a wuri uku: in a kujerun alfarma za ka yi tafiyar, don sayen su ɗaya-ɗaya tsada ce ta fitar hankali, in zangonka na da yawa, goma ko sama, ko in hanyarka ta bi inda jirage ba su da gasa, kamar tsallaka kudancin Fasifik daga Sidni zuwa Santiyago. Kai kuwa hanyarka babbar titi ce, kamfanoni na rububin fasinja a kanta, kuma zangonka kaɗan ne. A kujerun gama-gari, ba abin mamaki ba ne saye daban-daban ya zo ƙasa. Sai dai ka yi lissafin da gaskiya. Tikitin ƙawance da kayanka a ciki yake zuwa. Na araha kuwa akwati kuɗi, zaɓen kujera kuɗi, abinci kuɗi, AirAsia kilo 7 kawai yake ba ka na hannu. Tikitin tafiya ba dawowa a manyan kamfanoni ma ba rabin na zuwa da dawowa ba ne, wani lokaci yakan kusa kai shi. A ɓangaren ƙawance kuma, farashin da ka fara gani ba shi ne ƙarshe ba, haraji da ƙarin kuɗin mai na biyo baya. Birtaniya na karɓar harajin fasinja mai nauyi a kan doguwar tafiya in ka yada zango a can sama da awa 24, kuma wannan kowace hanya ka bi sai ka biya shi. Wani abin lura, farashin tikitin zagaya duniya ya danganta da ƙasar da aka fara tafiyar, hanya ɗaya tana iya zama kuɗi biyu daban.

Yanzu ga wanda ya fi su duka, kuma da shi ya kamata ka fara: biza. Tikiti ba ya shigar da kowa ƙasa. Ma'aikacin kantar rajistar fasinja yana duba fasfonka a Timatic, wani kundi na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, in bai ga ka cika sharaɗi ba ba zai ba ka katin hawa ba, don kamfanin ne ke shan tara ya kuma mayar da kai. Ƙasashe da dama suna son ganin tikitin fita kafin su bar ka ka shiga, kuma nan mai tikitin ƙawance yake hutawa, takarda ɗaya ta nuna hanyarsa har gida. Mai saye zango-zango dole kullum ya kasance da tikiti ɗaya a gaba, wanda ke rage 'yancin nan da yake taƙama da shi. Amurka ba ta da wurin 'yan wucewa. Ko jirgi kawai za ka canja sai da biza ko izinin shiga. Bizar ziyara ta Birtaniya ba a neman ta sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa, kuma ƙasashe da yawa sun fi son ka nema daga ƙasar da kake zaune, ba daga hanya ba. Wannan kaɗai na iya yanke maka hukuncin gabas ko yamma: ƙasar da bizarta ke da gajeren wa'adi, ita za ka sa a gaba. Fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar shiga ƙasarka ta ƙarshe, ba ta farko ba.

In biza ta bar maka zaɓi, ni yamma na fi so. Agogon jikin mutum ya ɗan fi awa 24, shi ya sa tsawaita yini ya fi masa sauƙi da gajarta shi, rikicewar barci ba ta kai ta mai fuskantar gabas ba. Gabas kuwa jirgi ya fi sauri saboda iskar sama da ke tura shi. Ka dai kula da layin canjin kwanan wata a Fasifik lokacin kama masauki: daga Sidni zuwa Los Anjalis kana iya sauka a safiyar ranar da ka taso, akasin haka kuma kwana ɗaya ke ɓacewa daga kalandarka.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. Manyan tsallake uku, Turai zuwa Asiya, Fasifik da Atlantika, zan ɗaure su tun a gida, don su ne masu tsada in aka bari sai lokaci ya ƙure. Tsakiyar Asiya zan bar ta a buɗe, in riƙa saye a can. Abin da ya rage shi ne wa zai sayar min da ƙashin bayan tafiyar. Star Alliance da oneworld duk suna da manhajar tsara hanya a shafinsu, kyauta, tana nuna farashi da haraji. Hanyarka kuma duka biyun za su iya ɗauka, Singapore Airlines da United a Star Alliance, British Airways, Qantas da American a oneworld. Ka shigar da garuruwanka a duka biyun. Sannan ka gwada hanyar a wurin neman tikitin garuruwa da yawa na Google Flights, ka kuma tara farashin ɗaya-ɗaya haɗe da kuɗin kaya. In tikitin ƙawance ya fi da ɗan abin da bai kai kuɗin sake sayen tikitin Fasifik ɗaya ba, shi zan ɗauka, don a wata shida ba makawa sai ka matsar da rana, wataƙila ba sau ɗaya ba. In tazarar ta wuce haka, ka sayi tsallaken ukun daban, ka zaɓi irin tikitin da ake iya canja masa rana, kuma kar ka biya ko ɗaya sai bizar Amurka ta shigo hannunka.